Guzurin Zawarci: Tarihin Haƙƙin Sakakkiyar Mace a Birnin Sakkwato

Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labaran da 'yan'uwanmu marubuta ke fitarwa zai lura da cewa da wuya a kai ƙarshen littafi ba a yi saki a cikinsa ba. Maigida ya hasala, ya jawo takarda ya rubuta, uwargida ta ɗora hannu a ka ta rafka salati, a kira mai akori-kura ya kwashe kaya. Daga nan sai marubuci ya daka tsalle ya dire a kan ranar da wani Alhaji mai Marsandi ya aiko yaro a yi masa sallama da ita. Abin da ke tsakanin ranar takarda da ranar sallamar Alhaji, watau me ta ci, wa ya biya kuɗin maganin yaro, ina ta samo na sabulu, ba kasafai muke tsayawa a kansa ba. To, a kan wannan tsakanin ne muke so mu yi ɗan waiwaye a wannan fitowa. Mun kuwa zaɓi birnin Sakkwato ne domin a nan aka kafa daular da alƙalanta suka share tafarkin da kotunanmu ke bi har yau.

A wasu ƙasashe akwai tsarin da kotu kan yanka wa miji wani kuɗi ya riƙa biyan matar da suka rabu, na shekara biyu ko uku ko biyar, don ta ƙarasa karatunta ko ta koyi sana'a, ta tsaya da ƙafafunta. In wa'adin ya cika, kowa ya kama gabansa. Bari mu kira wannan abu guzurin zawarci, tun da guzuri na hanya ne, ba a zama a kansa. Da yawa daga cikinmu in suka ji labarinsa sai su taɓe baki su ce al'adar Nasara ce. Sai dai wanda ya buɗe littattafan da ke zauren malaminsa zai tarar maganar ba baƙuwa ba ce kamar yadda ake zato.

Abin da ke cikin littafi

Sa'ad da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu Usmanu kuma ya taso daga Sifawa ya tare a cikinta a 1815, ba su zo da wata sabuwar dokar aure ba. Littattafan dai su ne waɗanda malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna biyawa: Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, da Muhtasar na Shehu Halil wanda almajirai ke kira Lauwali da Sani, da Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim, dukkansu a kan mazhabar Imam Malik. Abin da jihadi ya ƙara musu shi ne ƙarfin hukuma. Aka naɗa alƙalai a garuruwa, aka yi Alƙalin Alƙalai a Sakkwato, ƙofar Sarkin Musulmi kuma tana buɗe ga wanda bai gamsu ba. Malam Abdullahi na Gwandu ma har littafi ya rubuta wa mutanen Kano, Liya'ul Hukkami, a kan yadda shugaba da alƙali za su tsai da hukunci.

Ga abin da waɗannan littattafai suka tanadar wa matar da aka saka. In saki ɗaya ne ko biyu, wanda ake iya kome a cikinsa, to tana nan a matsayin matarsa har ta yi tsarki uku: cinta da shanta da tufarta da ɗakin kwananta duk suna wuyansa, in ma ya mutu a cikin kwanakin sai ta gaje shi. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da ita daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita da kanta. In kuwa sakin ya yanke igiya duka, kamar saki na uku ko hul'i, Malikiyya sun ba ta wurin zama kawai, ban da ciyarwa, sai fa in tana da ciki, a nan dole ya ciyar da ita har ta sauka lafiya. In tana shayarwa bayan igiya ta yanke, tana da ladan shayarwa. Renon 'ya'ya nata ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, ciyar da su kuma a kan uba yake ko suna hannun wa. Ko da ta sake aure, kakarsu ta wajen uwa ce ke gaba da uba wajen karɓarsu. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu ga yadda al'ada ta yi da shi.

Sa'an nan akwai mutu'a. Kada a rikita ta da auren mutu'a da Ahlus Sunna suka haramta, suna ne kawai ya zo ɗaya. Mutu'ar saki kyauta ce ta sallama da miji ke bai wa matar da ya saka, ban da sadaki, ban da ciyarwar idda, don a share mata hawaye a kuma ba ta abin kama hanya. Alƙur'ani ya ambace ta a Suratul Baƙara, aya ta 236 da ta 241, da kuma Suratul Ahzabi, ya ce mawadaci ya bayar gwargwadon wadatarsa, mai ƙaramin ƙarfi gwargwadon ƙarfinsa. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito Abdurrahman bin Aufu ya ba da baiwa sukutum a matsayin mutu'a, an kuma ruwaito a wasu littattafan cewa Hasan jikan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da dirhami 10,000. Imam Malik ya ce ba ta da iyaka sananniya, ta sama ko ta ƙasa.

A nan ne malamai suka rabu, kuma a kan wannan rabuwar ne tarihinmu duka ya rataya. Imam Shafi'i ya ce wajiba ce. Imam Malik ya ce mustahabbi ce, hujjarsa kuwa ita ce ayoyin sun jingina ta ga masu kyautatawa da masu taƙawa, abin da aka jingina ga kyautatawa kuma alƙali ba ya tilasta shi. A kan haka Muhtasar ya tafi. Amma ko a cikin gidan Malikiyya ba a rasa mai ja ba, domin Alƙurɗubi, Bamalike ne na Andalus, ya rinjayar da wajabci a tafsirinsa. Alƙalan Sakkwato dai mashahurin zance suka bi. Saboda haka mutu'a ta zama abin da malami zai kwaɗaitar a wajen karatu, wanda ya ga dama ya yi, wanda bai ga dama ba babu dogarin da zai je ƙofarsa.

Akwai wata mas'ala kuma da ba a cika faɗa ba, alhali ita ce ƙashin bayan zancen. A mazhabar Malik, dangin da ciyar da su ke wajaba a kan mutum ba su da yawa: iyayensa in matalauta ne, da 'ya'yansa, sai matarsa. Wa ba ya cikin waɗanda za a tilasta wa ciyar da ƙanwarsa, haka kawu da baffa. Ita kuma 'ya mace, in ta yi aure ta tare, aka sake ta tana baliga mai lafiya, ciyarwarta ba ta komawa wajibi a kan ubanta. Ashe ke nan ranar da idda ta cika, in ba ta da ɗa mai hali, babu mutum ɗaya da alƙali zai kama ya ce ciyar da ita. Abin da ya rage mata a hukumance shi ne zakka da baitulmali.

Waɗanda suka ɗauki kayan

To, yaya aka yi matan Sakkwato na ƙarni na 19 ba su watse a titi suna bara ba? Amsa ita ce abin da hukunci ya bari, zumunci da sana'a suka ɗauka. Gidan gandu babban gida ne, rumbu ɗaya ake buɗewa, ƙarin baki ɗaya ba ya karya tukunya. Uban da shari'a ta ce ba dole a kansa, kunya da mutunci sun sa masa dole.

Sai sana'ar hannu, wadda a ganinmu ita ce guzurin zawarci na gaskiya a wancan zamani. Masaƙa da marina na daular nan duk a kan zaren mata suka dogara. Mace ta gurje auduga, ta shiɓe, ta kama mazari, zaren nan kuɗi ne a hannu ko yaushe, ba ta kuma bukatar fita ko jari mai yawa. Sunayen unguwannin birni irin su Marina da Takalmawa da Siriddawa sun isa shaida a kan yadda aka gina garin bisa sana'a, Sarkin Musulmi Bello kuwa har littafi ya rubuta, Tanbihus Sahibi, a kan falalar neman na kai. Baturen nan Kilafatan, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma dawo ya mutu a nan a 1827, ya ba da labarin yadda matan manyan gari ke kaɗi a cikin gida suna aika kuyanginsu kasuwa da zare da abincin sayarwa. Ga kuma kiwon jar akuya, wadda fatarta ke ƙetare Sahara. Tun da shari'a ba ta gauraya dukiyar mace da ta miji ba, zarenta da awakinta da ƙoranta da tasoshin jerenta duk nata ne, da su take fita. Kayan ɗaki a wurin Bahaushiya asusu ne, in rana ta ɓaci a ciro tasa ɗaya a kai kasuwa.

Na ƙarshe, zawarcin kansa ba ya daɗewa. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wadda aka ɗauki tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, zai ga mace ta yi aure huɗu ba wanda ya ɗauke shi abin kunya. Sau da yawa kafin idda ta cika masu so sun fara kewaye gidan.

Kada dai mu yi wa zamanin ado fiye da kima. Waɗannan kuyangi da ke kai zare kasuwa su ne ke daka da ɗiban ruwa har uwargijiyarsu ta sami sararin kaɗi, su kuwa ba su da wannan gata. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje, ya kwatanta yadda ake mu'amala da mata da yadda ake yi da kayan aikin gida, a mora har su lalace a jefar. Ba don ya ga abin da ido ba da bai faɗa ba. 'Yarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta ɗauki maganar ta mayar aiki. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, dattawan mata da ake sa wa malfa, suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar. Sadakar da suke kawowa ta hatsi da zane da man shanu kuma a raba wa mabukata. Macen da ta san farillan alwala ta kama hanyar sanin farillan da ke kan mijinta.

Zuwan Nasara

Ranar 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya, Sakkwato ta faɗa hannun Turawan Ingila. Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba. Aka hana haddi irin na yanke hannu, aka sa alƙalai a kan albashin baitulmalin En'e, aka jera kotuna daraja-daraja, amma hukuncin aure da saki da gado aka bar shi yadda aka same shi. Wani masanin shari'a Bature mai suna Andasan, wanda ya zaga ƙasar nan ya fitar da littafinsa a 1954, ya ce in aka cire yankin Larabawa babu inda ake aiki da shari'ar Musulunci kamar Nijeriya ta Arewa.

Duk da haka, wanda ya duba irin ƙararrakin da suka cika kotunan En'e zai ga wani abin lura. Maganar aure tana cikin waɗanda suka fi yawa, masu kawo ta kuma galibi mata ne masu neman a raba. Dalili a fili yake: namiji ba ya bukatar alƙali kafin ya yi saki, a bakinsa yake. Saboda haka sakin da miji ya yi, wanda shi ne ke jawo ciyarwar idda da mutu'a, ba ya bi ta gaban alƙali balle a zauna a yi lissafi. Wanda ke zuwa kotu shi ne na macen da ta gaji, aka yi mata hul'i, ita ce ma za ta mayar da sadaki, wani lokaci har a bi ta da lissafin kayan toshi da na lefe, ta fita ba mutu'a ba ciyarwa. Mazan da suka gane wannan sai suka mai da shi dabara: a ƙuntata wa mace har ta kai ƙara da kanta.

Al'ada kuma ta yi nata ɓarin. Ayar da ta ce kada a fitar da mace daga ɗakinta, kusan ko'ina a ƙasar Hausa an juya mata baya. Ana miƙa takarda sai ta ɗauki mayafi ta nufi gidansu, can za ta yi idda. In miji mai kirki ne ya aika da ɗan gero, in babu, uban ba zai bi ba, wai kada a ce ya kasa ciyar da 'yarsa. Yara kuwa da an yaye sai a ce ɗa na uba ne, a karɓe. Mun sha jin ana cewa shari'a ce ta ƙuntata wa sakakkiyar mace. A gaskiya ko ɗan abin da Muhtasar ya ba ta, rabinsa a hanya yake zubewa.

An yi ta gyaran kotuna bayan haka. An kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi a 1956, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta maye gurbinta a 1960, Malam Abubakar Gumi, wanda ya fara aiki a kotun alƙali a nan Sakkwato, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, abokinsa Malam Haliru Binji mai Ibada da Hukunci yana mataimakinsa. A 1968 aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna aka mai da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Dokar laifuffuka an rubuta ta sashe-sashe tun 1959. Dokar iyali kuwa ba a taɓa yi mata haka ba, tana nan cikin littattafan Larabci, abin da mace za ta samu ya danganta ga zurfin karatun alƙalin da ta tarar da kuma tausayinsa.

Ginshiƙai sun zube

Hukunci yana nan inda yake, amma abubuwan da ke tallafe da shi sai suka shiga zubewa ɗaya bayan ɗaya. Yadin kanti da zaren inji suka kashe mazari, musamman bayan da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957. Injin niƙa ya cinye dakau. Gandu ya watse, kowa ya ja nasa. Farin 1973 ya koro mutanen karkara cikin birni, Sakkwato ta zama hedkwatar jiha, unguwanni irin su Mabera da Arkilla suka cika da gidajen haya, inda magidanci ke da ɗaki da falo, ba shi da ɗakin da zai sauke ƙanwarsa da 'ya'yanta uku. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya ƙarasa abin da ya saura a aljihun ma'aikaci. Sana'ar da ta rage wa mace a cikin gida ita ce ta abinci, ƙosai da fura da ƙuli-ƙuli, wadda ba ta tafiya sai da 'yar talla. Yarinyar da ke talla ba ta aji, ita ce kuma gobe za a aurar ba karatu ba sana'a, in an sako ta a koma gidan jiya.

A cikinmu marubuta, wadda ta tsaya ta dubi wannan wuri da idon basira ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a cikin Alhaki Kuykuyo Ne na 1990. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'ya tara saboda amarya, Rabi ta kama sayar da abinci tana riƙe da su, da duniya ta juya wa Alhaji baya kuma aka taru aka matsa mata ta koma. Labarin a Kano aka gina shi, amma babu unguwar da za a karanta shi a Sakkwato a rasa wadda za ta ce da ita ake.

Wani abin mamaki, guzurin zawarci irin na kotu yana nan a dokar ƙasar nan tun 1970, lokacin da gwamnatin Janar Gowon ta fitar da dokar shari'o'in aure. Sashe na 70 ya ba babbar kotu ikon yanka wa ɗayan ma'aurata kuɗin ciyar da ɗayan, bayan ta duba abin hannunsu da ƙarfin nemansu da halin da kowa ya nuna. Sai dai dokar ta auren rajista ce kawai, ta cire auren Musulunci da na gargajiya. Mata biyu na iya zama maƙwabta a Sakkwato, a sake su rana ɗaya, ɗaya ta nufi babbar kotu, ɗaya ta nufi gidansu.

Da aka dawo da shari'a a 2000, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, mata da yawa sun sa rai. Abin da aka rubuta kuwa dokar laifuffuka ce. Shari'ar da ta kai sunan jihar nan duniya ma ta wata bazawara ce, Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa hukuncin rajamu a Oktoba 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta sallame ta a Maris 2002. An yi ta muhawara a kan cikin da ta ɗauka, ba mu ji an yi rabin wannan muhawara a kan abin da bazawara irinta ke ci ba. A Kano, Hajiya Altine Abdullahi ta shirya fito da zawarawa kan titi a Janairu 2009, Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin Kano ta fara auren gata da zawarawa 100, ta biya sadaki da kayan ɗaki da ɗan jari, Sakkwato da wasu jihohi suka bi sahu. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya tayar da maganar rubuta dokar iyali a 2017, har aka sauke shi a Maris 2020 ba ta zama doka ba. A nan gida akwai Cibiyar Ci Gaba da Karatun Mata da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1990 don waɗanda aure ya katse wa makaranta, ga kuma hukumar zakka da waƙafi da aka ba cikakken matsayi a 2016. Duk ayyukan alheri ne, Allah ya saka wa masu yi. Amma a lura, a cikinsu duka jama'a ce ke biya. Wanda ya rubuta takardar bai ciro ko kwabo ba.

Yadda wasu suka yi

Turawan Ingila sun fara ne daga ɗaya gefen. A dokarsu ta da, dukiyar mace narkewa take cikin ta miji ranar aure, sai a 1870 da 1882 aka gyara. Tun da an cinye nata, dole a ciyar da ita har mutuwa ko har ta sake aure. Da mata suka shiga aiki, sai Amurka ta fara gajarta abin tun daga shekarun 1970, a 1979 kotun ƙolinsu ta ce namiji ma yana iya karɓa, a 2023 kuma jihar Fulorida ta soke ciyarwar har abada, ta ce ta koyon sana'a kada ta wuce shekara 5, sai kuma an kawo wa kotu tsarin abin da za a koya.

Ƙasashen Musulmi kuwa daga wata uku suka taso suna tsawaitawa, kuma ta ƙofar mutu'a suka bi. Masar, a doka mai lamba 100 ta 1985, ta ɗauki zancen Shafi'i: matar da aka saka ba da yardarta ba, ba kuma da laifinta ba, tana da mutu'ar da ba ta gaza ciyarwar shekara 2 ba, ana iya biya kashi-kashi. A Indiya an kai ruwa rana a kan wata tsohuwa, Shah Banu, wadda mijinta lauya ya saka a 1978 bayan 'ya'ya biyar. Kotun ƙoli ta ba ta ciyarwa a 1985, malamai suka yi ca, gwamnatin Rajib Gandi ta yi doka a 1986 don ta mai da abin ga idda, a 2001 kuma kotun ta fassara dokar da cewa a cikin kwanakin iddar ne miji zai yi mata tanadin da zai ɗauke ta har gaba. Darasin Indiya shi ne gyaran da ya zo daga wajen zauren malamai rigima yake haifarwa.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce Maroko, don Malikiyya ne kamarmu, Risala da Muhtasar da Tuhfa ɗin nan su suke karantawa. A dokar iyalinsu ta 2004, mai son saki sai ya nemi izinin kotu. In sulhu ya faskara, kotu ta lissafa sauran sadaki da ciyarwar idda da haƙƙin yara da mutu'a, ta ba shi kwana 30 ya ajiye kuɗin a asusunta. In bai ajiye ba, an ɗauka ya fasa. Wajen auna mutu'a kuma ana duba daɗewar auren da ƙarfin mijin da dalilin sakin da gwargwadon zaluncin da ke ciki.

Mun san abin da za a ce. Za a ce talaka ba shi da shi, za a ce maza za su ƙi saki su bar mata a rataye, ba aure ba zawarci, za a kuma ce fita ce daga mazhaba. Ta farko ayar da kanta ta amsa, kowa gwargwadon ƙarfinsa: mai Marsandi ya ba da keken ɗinki da hayar shekara, mai kura ya ba da akuya biyu. Ta biyu tsoro ne na gaskiya, an kuma ga irinsa a ƙasashen da suka gwada, sai dai mazhabar Malik ta fi kowace faɗi wajen bai wa alƙali ikon raba aure saboda cuta ko rashin ciyarwa ba tare da mace ta mayar da ko anini ba, in har za a yi aiki da ikon. Ta uku kuwa ta malamai ce, su ne suka san babin da ke cewa hukuncin shugaba yana ɗauke saɓani, su ne kuma suka san yadda malaman Fas da Andalus suka sha barin mashahurin zance su yi aiki da wanda ya fi dacewa da maslahar zamaninsu. Ibn Asim mai Tuhfar da alƙalanmu ke buɗewa kullum, alƙalin Garnaɗa ne, a cikin wannan al'ada ya tashi.

Ga wanda ke son bin diddigin maganar, rubuce-rubucen malaman jihadi da takardun zamanin En'e suna nan a gidan tarihi na Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna. Kotunan shari'a na birni kuma a buɗe suke ranakun aiki, ba a hana mai sauraro zama a benci na baya.